Hayaƙin Garwa Ne Ya Yaye Shi

Mun shiga Garwa da sanyin safiya ta hanyar Mubi, ina zaune a gaban babbar mota tsakanin maigidana da ƙofa, da jariri a cinya. Tun daga Ringim ake cika mini kunne da labarin garin, wai ga kogi, ga kifi kamar a bayar kyauta. Da muka wuce Pitowa muka fara gangara, sai na hango wani abu toka-toka ya shimfiɗe a ƙasa iya ganina, kawunan itatuwa kaɗai ke leƙowa ta samansa. Na ce wa maigidan ashe haka kogin nasu yake da faɗi. Ya yi dariya har da buga sitiyari, ya ce wannan ai garin ne, kogin yana ƙarƙashi. Ban gane nufinsa ba sai da motar ta nutsa ciki, idanuna suka kawo ruwa, yaron ya yi atishawa.

Shekarar da aka bar fam aka koma naira ke nan. Maigidana direba ne, ya riga ni zuwa da daɗewa, yana ja wa wani attajiri mota, Alhaji Inuwa, wanda kakansa ya zo ƙasar daga Kano da jakuna. Sai da na gama wankan jego, yaron ya fara zama, sannan ya zo ya ɗauke mu. Yaron nan shi ne ɗan farina, kuma sunan surukina aka sa masa, wato an sa wa bakina kwaɗo biyu. A wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ke rugawa ta ɗaga shi ba. Har yau da furfura ta gama da kaina, mai jiran ya ga sunansa a labarin nan zai daɗe yana jira.

Alhaji ya yi alkawarin ɗaki a cikin gidansa da ke kan tudu, inda zan zauna cikin matansa in samu abokan hira. Da wannan alkawari aka lallashi innata ta sake ni. Da muka iso sai aka ce an zuba buhunan gishiri a ɗakin, mu ɗan zauna a garejin motocinsa kafin a kwashe. Garejin yana can ƙasa, a kwarin da ke gangarawa kogi, fili ne mai katanga da ɗaki guda a kusurwa. Gishirin nan ban san irinsa ba, don har muka rabu da Alhaji ba a gama kwashe shi ba. Daga baya na gane mai gadin wurin ne ya bar aiki, aka ga direba mai iyali ya fi sauƙi, tunda matarsa ba ta zuwa ko'ina.

An kai ni gaisuwa wajen uwargidan Alhaji, Hajiya Dudu. Na ci ado na tafi da murnata, ina cewa yau zan sha Hausa in ƙoshi. Ina! Mutanen gidan sunan Hausawa kawai ya rage musu, Fillanci suke yi daga tsofaffi har 'yan yara, Hausar kuwa sai in za a yi ciniki ake ɗauko ta a kakkaɓe. Na durƙusa na jero gaisuwa irin ta gida, har da tambayar gajiya da sanyi, suka dubi juna suka kwashe da dariya. Hausajo suka sa mini, sai ka ce nasu kakan daga sama ya faɗo. Kalma ɗaya na kamo a ranar, jam, wato lafiya. Da ita na yi ta zama wata da watanni, a gaishe ni jam, a zage ni jam.

Tunda ba na fita, ban san Garwa da ido ba, da hanci na san ta. Kafin kiran asuba mahauta ke fara nasu ta kudu da mu. Tsofaffin tayoyin mota suke cinna wa wuta su babbake kai da ƙafa, don taya ta fi itace araha kuma ba ta saurin mutuwa, hayaƙinta baƙi ƙirin mai maiƙo. Yana cikin tashi sai na masana'antar auduga ya biyo ta gabas, inda ake gurza ana matse mai, ana ƙona ɓawon angurya don tayar da inji. Shi wannan ɗaci gare shi, a maƙogwaro yake zama. Bayan katangarmu jujin unguwa ne, wanda wutarsa ba ta taɓa mutuwa gaba ɗaya ba, ci take ta ƙarƙashi. Daga bakin kogi ga masu bandar kifi, daga kowane gida ga murhu. Na ƙarshe kuwa a ƙofar ɗakina yake, motocin Alhaji, da ake tayarwa a bar su suna ruri wai inji ya yi ɗumi. Ni ma da nawa murhun, ba zan cire kaina ba.

Da zafi abin da sauƙi, hayaƙin kan yi sama ya watse. Da damina ruwa kan wanke shi. Amma da sanyi ya shigo sai ya ƙi tashi, ya taru a kwarin ya kwanta kamar an kife mana ƙwarya, ba ya ɗagawa sai hantsi ya yi sosai. In na shanya farin zane in ɗauke shi da ɗigo-ɗigon baƙi. In na manta randa a buɗe in tarar ruwan ya yi dauɗa a sama. Da asuba unguwar gaba ɗaya tari take, gida na karɓa wa gida, har ladan sai ya tsaya ya gyara murya a tsakiyar kiran salla. Ba wanda ya ɗauki abin a bakin komai. Yawancinsu a ciki aka haife su, sun ɗauka haka Allah ya yi safiya.

Maigidan kuwa ɗan hanya ne. Yau Marwa, gobe Ngaundare, jibi Kuseri, in ya tafi sai dai na gan shi. Motoci su fice da safe, a ja ƙofar gareji, ya rage daga ni sai yaron sai ƙadangaru. Kewa ta yi mini yawa har na riƙa tsayawa jikin katanga ina sauraron masu wucewa, ko Allah zai sa wani ya yi magana irin tamu. Ranar da na ji wani yana zagin jakinsa da Hausar Kano, zama na yi na sha kuka, kamar an aiko mini da gaisuwa daga gida.

To, a nan fa na lalace. Tunda ba idon kowa, sai na ajiye kunyar ɗan fari a bakin ƙofa. In ɗora shi a ƙirji, in yi masa rawa, in ba shi labarin kowa a Ringim, da wadda ta yi yaji, da wanda akuya ta cinye wa hula ranar ɗaurin aurensa. Ya zuba mini ido yana dariya da 'yan haƙoransa. Da innata ta leƙo ta gan mu, da ta ce ƙasar Faransa ta cinye mini tarbiyya. Ina son yaron nan, son da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Duk faɗin Garwa shi kaɗai ke sauraron maganata, kuma in ba don shi ba da na zare a ɗakin nan.

A sanyinmu na biyu yaron ya fara tafiya da ƙafarsa, a nan kuma ƙirjinsa ya fara. Da fari tari ne irin na kowa. Daga nan sai in asuba ta kusa ya farka yana jan numfashi da ƙyar, ƙirjin na wani fito siriri, fatar tsakanin haƙarƙarinsa na shigewa ciki. Ba ya ko iya kuka, sai ya damƙe mini wuyan riga yana kallona. Rana na ɗagawa sai ya warware, ya bi ƙadangaru da gudu kamar ba shi ba. Shi ya sa uban bai gani ba. Yakan dawo da la'asar ya tarar da yaro na wasa, ya kwana a cikin mota don gadin kaya, ya fice kafin gari ya waye. Ni kuma bakina ba zai iya ba. Iyakar abin da na iya furtawa shi ne ɗan nan yana ɗan tari. Ya ce sanyi ne, ya sayo masa hula.

Labari ya kai gidan Alhaji, Hajiya Dudu ta turo mini wata tsohuwa mai magani, Goggo Asta. Ta dubi yaron, ta dubi wajen kogi, ta ce da guntuwar Hausarta iskar ruwa ce ta shafe shi, kuma iska ba ta jin komai sai hayaƙi. Ta ba ni ƙullin saiwoyi da ɓawon itace, ta ce kullum da asuba in rufe ƙofa da taga, in toshe ƙasan ƙofa da tsumma, in zuba a garwashi in lulluɓe mu da zane. Ladanta da kanta ta zaɓa, ta ɗauki babbar kwallata ta aure ta ɗora a ka ta fice. Ban ga aibun maganin ba, don a gida ma haka muke, turare ake wa mai mura, turare ake wa mai jego. Na bi umarni sau da ƙafa. Yaron na ƙara shiɗewa ina ƙara garwashi, ina cewa iskar ce ke gardamar fita.

Wata asuba muna ƙarƙashin zanen sai na ji ana dukan tagar baya da itace. Na leƙa, ga wata mace ta hau turmi, gajera, da ƙaramin gicciye a wuya. Ashe maƙwabciyata ce, Madalen, mutuniyar duwatsun Mokolo, tana ɗinkin buhu a masana'antar auduga. Ta daɗe tana jin numfashin yaron ta bango.

"Kai, Hausa, buɗe," in ji ta. "Yaro yana neman iska, kai kana ba shi wuta."

Hausarta ta kasuwa ce, kowa namiji ne a bakinta, amma wallahi ranar ban taɓa jin mai daɗinta ba. Ta zagayo ta shigo ba sallama, ta ɗauki kaskon ta watsar a waje, ta saɓa yaron a kafaɗa ta hau tulin buhunan da ke bayan wata mota, ta tsaya can sama da shi a miƙe. Ta ce ko kaɗan mutum ya hau, hayaƙin ya fi sauƙi. Da na ce mata iskar ruwa ce, ta nuna mini bututun masana'antarsu da baki, ta ce ga iskar can, ita kuwa kullum a gidan iskar take wuni. Ta binne 'ya'ya biyu a unguwar nan, na ukun ta kai shi dutse wajen uwarta. Haka ta faɗa ba ko rawar murya, tana bubbuga bayan ɗana.

Tun daga ranar katangar ta zama kasuwarmu. In ta taso aiki ta miƙo mini gyaɗa ko tsamiya, in miƙa mata tuwo, ta koya mini Fillanci tana dariyar harshena. Ban taɓa zaton zan sa hannu kwano ɗaya da mai zuwa coci ba, amma baƙunta ba ta bar mini zaɓen dangi ba, kuma ban yi asara ba.

Ana cikin haka sai aka ce Shugaban ƙasa zai zo. Ɗan garin ne, in zai zo gida kuwa Garwa ba ta zama. Duba-gari suka bazu da jandarmomi a bayansu, mai shela na gaba yana faɗa, Madalen na fassara mini ta kan katanga: ba ƙona taya, ba cinna wa juji wuta, masu banda su haye ƙetaren kogi, a shafe katangu da farar ƙasa. Aka turo fursunoni suka rufe jujinmu da yashi. Masana'anta ta kashe inji don ma'aikata su koyi jerin tarba. Motocin Alhaji da ke gida aka wanke su aka kai kan tudu, su za su kwashi jama'a zuwa filin jirgi.

Bayan kwana kaɗan na buɗe ƙofa da sassafe na ga duwatsun arewa tar, abin da ban taɓa gani da sanyi ba kafin azahar. Na waiwaya, yaron na kwance yana barci, bakinsa a rufe. Na daɗe a tsaye a kansa. Murna ta zo, haushi ya biyo bayanta. Ashe hayaƙin nan yana jin magana, mai yi masa maganar ne ba ya kwana a unguwarmu.

Madalen ta ce yanzu da yake da ƙarfi mu kai shi lopital, wato asibiti. Maigidan bai dawo daga Ngaundare ba, ba wanda zan nemi izininsa, na yafa mayafi na bi ta. Malamin asibitin mutumin kudu ne, Faransanci zalla, Madalen ke fassara mini. Ya ɗauki alƙalami ya tambayi sunan yaro, na sunkuyar da kai. Ya sake tambaya, ya dubi Madalen ko kurma ta kawo masa. Ita ma ba ta san sunan ba, ɗan Hausa take ce masa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na faɗa can ƙasa-ƙasa, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya saurari ƙirjin gaba da baya, ya tambayi unguwarmu, da aka gaya masa sai ya ajiye alƙalamin. Ya ba da wani ruwan magani, ya ce wannan lallashi ne kawai, maganin gaskiya a fitar da yaron daga kwarin, don da wuya ya ga ƙarshen sanyin nan a can. Ya ce an sha kai kuka ofishin magajin gari a kan a mai da mahauta bayan gari, a ƙara wa bututun tsawo, a haƙa wa shara rami nesa da mutane, kullum ana cewa ana dubawa.

Shugaba ya zo, aka yi kiɗa aka yi tafi, jirginsa ya tashi. Ko tutoci ba a sauke ba aka cinna wa komai wuta lokaci ɗaya, ga sharar da ta taru, ga mahauta na ramuwar kwanakin da suka rasa, ga inji ya tashi da yunwarsa. Asubar da ta biyo baya ita ce mafi muni. Allah ya sa maigidan ya dawo don jigilar 'yan tarba, kuma ranar a ɗaki ya kwana. Ya ga yaron da idonsa, leɓɓa sun yi baƙi, ido ya juye, ya sure shi a guje ba takalmi ya hau tudu da shi. Da suka dawo da hantsi yaron na numfashi. Ya tambaye ni tun yaushe. Na ce tun farkon sanyi, na gaya masa har zuwanmu asibiti. Bai yi faɗan fitar ba.

"Shi ne kika ce mini ɗan tari?" ya ce.



Ya yi iya yinsa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya je wa Alhaji da maganar ɗakin gishiri, Alhaji ya ce wane yaro ne ba ya tari, nasa ma duk a Garwa suka girma, bai dai ce a kan tudu ba. Ya nemi haya a sama, aka ce sai ma'aikacin gwamnati, kuma in muka bar gareji motar ma za a karɓe. Madalen ta ce tana da gwaggo a wani ƙauye bayan Pitowa, iska ba iyaka, in je ni da yaron mu zauna har zafi ya shigo. Ya yi mata godiya sosai, ya ce sai dai ba zai iya haɗa ido da mutanen masallaci ba in aka ce matarsa na gidan masu dafa giya. A ƙarshe aka samu dabara. Ƙanwar Alhaji, Hajiya Yalwa, za ta Kano saro kaya, yaron kuma ya kusa isa yaye. A ba ta shi ta kai wa innata Ringim, ai dama yayen ɗan fari na kaka ne.

Ranar da za a miƙa shi aka kira ni gidan Alhaji. Ɗakin Hajiya Dudu cike da mata, tsofaffi a kan gado, matasa a tabarma, yaron na tsakiya ana ba shi nakiya. Maigidan ya tsaya daga bayan labule, motarsa na waje da lodin Marwa. Ya gaishe su, sannan ya yi gyaran murya.

"Ke," ya ce, "ko za ki bi su ne, ki zauna can har ya yi ƙwari? In kina so, na yarda."

Duk idanu suka dawo kaina, ana jira a ji abin da Hausajo za ta ce. Ina so mana, ina so kamar raina ya fita. Amma a gaban tsofaffi, a kan ɗan fari, mai sunan suruki, mace ta buɗe baki ta ce ba za ta iya rabuwa da shi ba? Bakina ya riga ni, ya faɗi abin da aka koya masa tun ina 'yar ƙarama.

"In bi shi in yi masa me? Ai ba nawa ba ne, na kakarsa ne."

Aka fassara wa waɗanda ba su ji ba, ɗakin ya ɗauki yabo. Hajiya Dudu ta jawo ni ta zaunar kusa da ita a kan gado, ta ce ashe 'yar mutunci ce, ta fi 'ya'yan yanzu kunya. Ranar suka fara kirana da sunana, Saude. Maigidan daga bayan labule ya ce to shi ke nan, na ji tafiyarsa, na ji tashin motar. Sai bayan shekaru ya gaya mini ya riga ya sayar da agogonsa don ya biya mini mota, kuma ya ɗauka da gaske nake. Shi a ganinsa girmama ni ya yi da ya tambaya a gaban manya, don kada a ce ya kore ni gida.

Yaron a can aka bar shi ya kwana, wai kada ya ji ƙanshin nono, kuma ba uwa ke raka ɗan yaye tasha ba. Na fito na bar shi yana wasa da murfin kwano, ban waiwaya ba don ana kallona. Da asuba ina gareji na ji motocin tasha na tashi. Ban san wacce ce tasu ba, sai na bi kowacce da addu'a.

Nono ya cika ya yi tauri, zazzaɓi ya rufe ni. Madalen ce ta yi jinyata, tana gasa mini da ruwan ɗumi tana faɗa. Ta ce ita da ta kai nata dutse da kuka ta kai shi, kowa na gani, kuma duk ƙarshen wata tana hawa ta gan shi.

"Ku Hausa," in ji ta, "kunya naku ya fi yaro girma?"

Na ce ba za ta gane ba, ta ce ba ta ma so ta gane. Da na warke ɗakin ya yi mini faɗi. Na ci gaba da farkawa kafin asuba ina kasa kunne, in ji tarin unguwa gida-gida, ban da nawa. Ban taɓa sanin mutum zai yi kewar tari ba sai a lokacin.

Na so in bi bayansa da zafi, sai ga ciki. Na haihu, sai ga rashin lafiyar maigidan. Ya warke, sai ga wani cikin. Saƙo dai na zuwa ta bakin fatake, yaro lafiya lau, tari ya tafi, har ya yi kumatu. Mu ma muka rabu da Alhaji muka samu ɗaki a kan tudu, shi ya sa ƙannensa mata suka tashi da ƙirjinsu lafiya. A hankali aka mai da mahauta bayan gari, aka ƙara wa bututun tsawo, aka dasa darbejiya a bakin tituna. Hayaƙin bai ƙare ba, babura sun zo sun karɓi aikin tayoyi, amma ya ragu. In na ji ana yabon masu mulki a kan haka ba na sa baki, don na ga an yi fiye da shi cikin 'yan kwanaki lokacin da aka ga dama.

Sai da ya isa shiga makaranta sannan na taka Ringim. Na sauka da la'asar, yara na tsere a ƙofar gidanmu, wani dogo siriri ya ba su rata. Ba sai an gaya mini ba, ƙeyar ubansa ce. Innata ta karɓi goyona, aka shimfiɗa tabarma, maƙwabta suka cika gida. Can ta ƙwala masa kira. Ya shigo a guje yana haki, ya tsaya dab da ni. Ana ta yi mini barka da zuwa, ni kuwa ba na jin kowa, ƙirjinsa nake saurare. Iska na shiga tana fita, ba abin da ke tare ta.

"Durƙusa ka gai da Yayarka ta Garwa," in ji innata.

Ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, irin gaisuwar da ake wa baƙi, idonsa na kan ƙullin tsarabata. Na amsa ina kallon gefe, yadda ya kamata. Na ba shi alewa ya karɓa da hannu biyu. Abokansa na kiransa daga waje, ya miƙe yana ɗoki.

"Inna, in tafi?" ya ce.

Mu biyu muka buɗe baki. Ita ta amsa.